Maɓallin Rage Haske

Kwamfutoci goma sha biyu aka bai wa makarantar ƙauyen su Uzairu, gabas da Bici, amma maɓallan sama, na haske da na sauti, ba sa aiki. Hasken fuskarsu na cinye batir cikin rabin awa, ga shi garin ba lantarki. Hedimasta ya ce gobe zai kulle su a sito.

"Komai sai sito! Yaran fa, Malam?" in ji Uzairu, matashin da ke kula da kwamfutocin, kamar zai yi kuka.

Kwana uku ke nan yana koya wa kanel, wato zuciyar manhajar, ta gane maɓallan. Yakan danna ɗaya, ya rubuta lambar da ta fito. Na rage haske ne kaɗai ya ƙi ba da lamba.

Almuru ta riske shi da kwamfuta ɗaya a gonar dawa, inda kawai ake samun sabis na waya. Gyare suka yi tsit. Wani dattijo ya tsuguna kusa da shi, ba sallama, ko kara ɗaya bai motsa ba.

"Samari, hasken ne ya dame ka?"

"Baba, don Allah ƙyale ni. In na kasa yau, shi ke nan."

Dattijon ya miƙo doguwar yatsa, ya danna maɓallin. Kwamfutar ba ta canza ba, jan sararin yamma ne ya dushe. Ya sake dannawa, wutar murhu da fitilun ƙauyen suka mutu lokaci guda. Lambar da Uzairu ke nema ta fito, sau biyu.

"Ga ta nan," in ji dattijon, yana leƙa ƙwayar idon Uzairu. "Saura haske ɗaya. In danna?"