Jirgin da Ya Leƙa Gidan Malam Bube

Ranar da Gazali ya fara ganin Najiba, masifa ta zo yi masa. Yana bayan garin Kebbe yana auna wa ƙungiyar manoma gonaki da ɗan jirginsa marar matuƙi, sai iska ta kwashe abin ta kai shi saman gidan mahaifinta, Malam Bube. Mata na tsakar gida kai babu ɗankwali, shanu kuma suka firgita har suka tsinke igiya.

"Kai ne mai wanga abu?" Najiba ta fito ta tambaye shi, hijabi a karkace.

"Ni ne, ranki ya daɗe. Wallahi iska ce."

"Iska ta iya ɗaukar hoto?"

Ya miƙa mata na'urar ta duba da kanta, babu komai sai gero. Ta harare shi tana danne dariya, shi ke nan bawan Allah ya faɗa.

Wata uku yana karya ƙugu a babur tsakanin Tambuwal da Kebbe. Ita ma'aikaciyar lafiya ce, sai ya sa mata suna Likitata. Ita kuwa Matuƙin Ƙasa take ce masa, wai direban jirgin da bai taɓa barin ƙasa ba.

Da magabatansa suka je neman aure, magana ɗaya Malam Bube ya yi: "Yaron da jirginai yash shiga inda ba a shiga? Shi nemi izini tukuna."

Gazali ya san inda aka kama shi, don jirgin babu rajista, shi ma babu lasisi. Ya kulle abin a akwati ya shiga neman takardu. Kai, ya ga takansa! Horo a Abuja, jarrabawar da ya faɗi ya sake, binciken jami'an tsaro, ga duba lafiyar jirgin kansa. Ya rame har wando na zame masa. Ana haka wani malamin makaranta, Nasrullahi, ya fara aike gidan su Najiba neman aurenta.

Saƙonta ya same shi a tasha: "Matuƙin Ƙasa, na gaji. Inna ta ce Baba ba shi ƙara wata damina yana jira. Ni kuma ka san ban iya yi mai zancen aure. Yaushe?"

Ya rubuta mata: "Likitata, ni ma na gaji wallahi. Saura sa hannu guda. Don Allah kar ki sake ni."

Bayan wata goma sha ɗaya takardu suka fito. Bai tura kowa ba, da kansa ya durƙusa a zauren Malam Bube ya miƙa su. Tsohon ya riƙe su a kife.

"Mine ne wanga?"

"Izinin ne, Baba. Na hukumar jiragen sama."

"Hukuma ita ad da gidana?" Ya ajiye su a tabarma. "Ɗana, jirginka ya shiga gidana ba sallama, bisa kan iyalina. Izinina nika nufi. Ka taho zauren ga, ka yi sallama, ka ce in yafe ma. Kusan shekara ina zaune ina jiranka, sai in ji wai kana Abuja."

Gazali ya rasa ko dariya zai yi ko kuka, sai hawaye suka riga. Ya miƙe ya fita, ya tsaya a ƙofar zaure kamar baƙo.

"Salamu alaikum."

Shiru. Sai da ya yi sau uku sannan tsohon ya amsa.

"Wa alaikumus salam. Shigo, na yafe. Takardun ma riƙe abinka, kak ka ƙara tayar min da shanu."

Da Najiba ta ji yadda aka yi, zama ta yi daɓas a ƙasa. "Shekara guda, Gazali! Daga ɗakina zuwa zauren nan taki goma ne, na kasa tambaya."

Bayan an yi girbi aka ɗaura musu aure a zauren. Malam Bube ya riƙe hannun ango ya ƙi saki, yana ta sa albarka: "Allah shi huta gajiyarku, shi ba ku zaman lafiya, shi sa ku riƙa tambayar juna." Jama'a suka amsa da amin.