Ranar da Tsohuwar Ganga ta Yi Waƙa

Rana ta take tsaka ran Lahadi aka kira ofishin 'yan sanda daga wata coci a Maisandari. Wai an sace kwamfutar majigi, kuma wai ɓarawon yana hannu.

Sufeto Kellu Madu ba ta son jin wannan "yana hannu" ɗin. Aiki ya koya mata cewa wanda jama'a suka fara damƙewa, sau da yawa shi ne kawai ya fi sauƙin damƙa. Ta ɗauki hularta, ta ce wa Kofur Umar Faruk ya fito da mota.

A bakin ƙofar cocin ta fara tsayawa wurin masu tsaro. Kamar kowace majami'a a garin, ba mai shiga ko fita da jaka ba a leƙa ba. Shugabansu ya ce tun safe mutum ɗaya ne ya fita da jaka, Pindar, mai kula da majigi. Shi kuwa ba a buɗe tasa, don kowa ya gaji da ganin tarkacen wayoyinsa.

Ta tarar da Pindar a ofishin Fasto, a kan benci, kai a sunkuye. Saurayi ne siriri, ya sha sabuwar shadda wadda ko karin guga bai bar ta ba. Shi ke zana fostocin cocin, ya ɗauki bidiyon sujada, ya haska baitocin waƙa a allo don jama'a su bi. A gida kuwa ɗakinsa ya fi kama da rumfar mai gyara a Kasuwar Kwastam: matattun wayoyi, batura, rediyon da aka farke ciki.

Wannan son tarkacen ne ya ja masa. Dattijo Yoila, ɗaya daga cikin dattawan cocin, shi ya fi kowa zafi. Ya ce yaron da kullum hankalinsa na kan sabuwar na'ura, wata rana sai ya miƙa hannu. Yau ne za a yi sanarwar auren Pindar da Peace, 'yar dattijon, a gaban jama'a, amma ya hana. Ya karɓe wayar yaron ya kulle a aljihun tebur, ya rantse ba zai ba ɓarawo 'ya ba.

"Ka fita da jaka?" in ji Sufeto.

"Na fita, ranki ya daɗe. Na zo da sassafe na haɗa komai, na koma gida in yi wanka in sa kaya. Da na dawo babu ita."

"Me ke cikin jakar?"

"Tsofaffin wayoyin lasifika."

Ta ce ya kai ta inda yake aiki. Wani tebur ne a bayan majami'a. Cajar kwamfutar tana nan a jone. Kyamarar bidiyo, wadda ta fi kwamfutar tsada nesa ba kusa ba, tana zaune a kan ƙafafunta ba wanda ya taɓa ta.

Sufeto ta dubi Kofur. Wane irin ɓarawo ne zai bar nama ya ɗauki ƙashi, ƙashin ma ba tare da cajarsa ba? Mai son sayarwa ba ya haka. Wannan mutum ne da yake so kawai abin ya ɓace.

Ta tambayi Fasto yadda aka yi sujada babu allo. Fasto, wanda tun ɗazu ransa a dagule yake, ya ɗan saki fuska. Ya ce ai Allah ya rufa asiri, Baba Obadiah shugaban mawaƙa ya miƙe ya ja waƙa irin ta da: ya faɗi baiti, jama'a su amsa, ya faɗi na gaba. Tsofaffin matan da suka baro ƙauyukansu, waɗanda allo bai taɓa yi musu amfani ba, har da hawaye.

Aka kira Baba Obadiah. Dogon tsoho ne mai furfura, muryarsa kuwa ko gaisuwa ya yi sai ka ji ta a ƙirji. Ya ce shi a makare ya zo, ya tarar ana ta cigiya. Da ya ga za a ji kunya, sai ya tashi ya taimaka.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ba shiri kuka yi haka?"

"Ba shiri, 'yata. Abin da aka saba ne."

Ta gode masa. Amma Sufeto Kellu ta yi fareti a rayuwarta, ta san abin da aka daɗe ba a yi ba, ba ya tafiya daidai rana ɗaya don kawai an so.

Peace tana zaune a ƙarƙashin bishiyar darbejiya da rigar mawaƙa a jikinta, idanu sun yi jawur. Sufeto ta zauna kusa da ita, ba ta ambaci sata ba. Ta ce ta ji an yaba waƙar yau, yaushe rabonsu da yin irinta?

Peace ta ce tun da allo ya zo ba su ƙara ba, sai jiya. A gwajin jiya da yamma Baba ya tsare su, ya ce a ajiye sababbin waƙoƙi, a maimaita jan baiti. Har wata ta tambaye shi dalili, ya ce na'ura ba ta da alkawari. Da safen nan ma ita ta gan shi ya riga kowa zuwa, yana buɗe ɗakin ajiyar kayan kiɗa.

Sufeto ta miƙe. Tsohon da ya zo a makare, ashe shi ya riga kowa. Kuma ya shirya wa ɓatan kwamfuta tun kafin ta ɓata.

Saura a ga kayan. Ta koma wurin Pindar ta tambaye shi ko ya kashe kwamfutar kafin ya fita. Ya ce a'a. Ya saita ta ne yadda ko an rufe murfinta ba ta barci, don yakan rufe ta lokacin wa'azi, ya riƙa juya allo daga wayarsa. Batirin ma shi ya ƙara mata da hannunsa, tana iya wuni.

"To in tana kusa, wayarka za ta gan ta?"

Pindar ya ɗago kai a karo na farko. "Tun safe nake roƙo a ba ni wayar, ranki ya daɗe."

Dattijo Yoila ya buɗe aljihun tebur yana gunaguni. Pindar ya karɓa ya duba. Sai ya saki wata doguwar ajiyar zuciya. Kwamfutar tana nan, a cikin harabar.

Sufeto ta sa kowa ya yi shiru, ta ce wa Pindar ya kunna duk abin da yake buɗe a kwamfutar, ya ƙure sauti. Ya ɗan yi jinkiri kamar mai jin nauyi, sannan ya danna.

Daga ɗakin ajiya wata murya ta taso, a dushe, kamar daga cikin rijiya. Kofur ya bi ta har kusurwa, inda wata tsohuwar babbar ganga mai yagaggiyar fata take jingine. Ya zura hannu ya zaro kwamfutar, da ɗuminta.

Muryar kuwa kowa ya san ta. Baba Obadiah ne yake jan wata tsohuwar waƙa da yarensu. Da aka ɗaga murfin, ga hotonsa ya cika allo, an rubuta godiyar jama'a a ƙasa. Ashe Pindar ya daɗe yana naɗar muryar tsohon a ɓoye wurin gwaji, yana haɗa bidiyon da za a karrama shi da shi ranar bikin godiya.

Baba Obadiah ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a ƙasa.

"Ni ne," ya ce. "Ba sayarwa zan yi ba. Tun ina saurayi, in na ɗaga hannu jama'a ni suke kallo. Da allon nan ya zo, sai na zama kamar ginshiƙi. Na ce Lahadi ɗaya tak su sake kallona, in mayar da ita da yamma."

"Da aka kama yaron fa?"

"Na ga an zaunar da shi. Bakina ya yi nauyi. Wannan shi ne abin kunyar."

Sufeto ta ce sai ya bi su ofis ya ba da jawabi, tunda an shigar da ƙara, sauran kuma tsakaninsa da cocinsa ne. Ta girgiza wa Kofur kai da ya taɓa ankwa. Tausayi ya kama ta, amma ba ta manta wanda ya wuni a kan benci ba.

Dattijo Yoila ya daɗe yana murza hularsa. Daga baya ya matso ya ce wa Pindar, "Ɗana, na yi maka zato. Ka yafe ni." Ya juya wurin Fasto ya tambaya ko sanarwar nan za ta yiwu a sujadar yamma. Peace ta rufe fuska da rigar mawaƙa, wannan karon dariya take da kuka a haɗe.

Ana shigar da Baba Obadiah mota, Pindar ya biyo su da sauri da kwamfutar a hammata. Ya durƙusa a bakin taga.

"Baba, bidiyon bai ƙare ba. Saura baiti na ƙarshe, kullum tari yake katse ka a wurin. In ka dawo sai mu ɗauka."

Tsohon ya dubi kwamfutar, ya dubi yaron. Ya gyaɗa kai kawai. Sufeto Kellu ta ce wa Kofur ya ja a hankali.