Muryar Mai Hula Biyu a Bakin Ƙofa

Keken ɗinkin Umma yana ta ƙara a falo, Auta kuwa ta kasa zama wuri ɗaya. Ta gyara labule, ta goge teburin da ta riga ta goge, ta leƙa taga, ta dawo ta sake kama labulen.

"Ke Auta, za ki tsinke min labule!" in ji Umma ba tare da ta ɗago ba. "Yaron nan ba yau ya fara zuwa gidan nan ba."

"Kai Umma! Ni fa iska kawai nake sha."

"Na san iskar. Mai dogon wuya da farin gilashi."

Wanda ake jira saurayinta ne, ɗan fim da abokan aiki ke kira Jarumi, duk da in ka gan shi a hanya ba za ka ce ya iya korar kaza ba. Umma ta yarda da shi, har an fara maganar manyansa su zo. Ita kuwa Auta ita ce ƙaramar 'yar marigayi Mai Hula Biyu, ɗan barkwancin da har yau in aka saka tsohon wasansa a talabijin sai mai shayi ya manta da tukunya a wuta. Tana rarrafe ya rasu. Duk abin da ta sani game da shi a kaset ta gani, kuma daga kaset ɗin ta zauna ta rubuta fim na rayuwarsa. Da aka zo neman wanda zai fito a matsayinsa, darakta bai ga kowa ba sai Jarumi.

To, 'yan wasa suna da wata ɗabi'a. In suka kama muryar wani da ƙyar, ba sa sakinta ko an tashi daga aiki, don kada ta kuɓuce musu. Ranar Jarumi ya wuni yana rihasal, wato gwajin wasa. Da muryar marigayi ya sha mai a mota, da ita ya sayi lemon da ya riƙo, har ya manta ba tasa ba ce. Ya tsaya a ƙofar falo, ya yi ɗan busasshen tarin nan da aka san marigayi da shi, ya ja sallama ta hanci.

Keken ya tsaya cak. Umma ta miƙe zumbur, hannunta ya tafi kan ɗankwali yana gyarawa, fuskarta ta yi wani haske da Auta ba ta taɓa gani ba.

"Maigida, ka da—"

Sai labule ya ɗaga, ga Jarumi da ledar lemo yana murmushi.

Auta ta ga hasken nan ya mutu a fuskar mahaifiyarta, sai ta ji kamar an soke ta a ƙirji. Umma ta dafa keke, ta koma ta zauna a hankali. Jarumi ya gane abin da ya yi, leda ta suɓuce, lemo ya watse har ƙarƙashin kujera.

"Fita," in ji Umma, murya ƙasa-ƙasa. "Kada ƙafarka ta sake taka gidan nan. Maganar aure kuma na janye."

Kafin la'asar labari ya isa kunnen wan Auta, Yaya Babba, wanda dama tun farko bai so fim ɗin ba. Ya shigo yana huci, makullin mota a hannu.

"Ubanmu ne ya zama abin kwaikwayo? Yau muryarsa, gobe kuma sai a zo a ari hulunansa! Ki zaɓa, ko mu ko ɗan fim!"

"Yaya, ba zan zaɓa ba," in ji Auta, hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa. "Ku nawa ne, shi ma nawa ne in Allah ya yarda. Ba zan bi ta bayan gida ba, kuma ba zan fasa ba."

"Taurin kai!"

"A nono na sha, Yaya. Wanda ka sha."

Washegari Jarumi ya kira ta, murya duk ta dishe.

"Wallahi sori, Auta. Na gaya wa darakta ya nemi wani. Na ajiye fim ɗin, in ta kama ma na bar harkar gaba ɗaya."

"Kada ka soma! Ka ajiye, sannan ka zo ka zauna min a gida kana tsaki duk ranar da ka ga fosta? Koma bakin aikinka."

"To Umma fa?"

"Umma tawa ce, ka bar ni da ita. Amma ka sani, ta ce kada mu haɗu, kuma ba za mu haɗu ba. Ko lokeshan, wurin ɗaukar fim ɗin, na daina zuwa. Wannan ma shi ne kira na ƙarshe sai ta yarda."

"Kina siriyos?"

"Ka taɓa ganin na gaji barkwanci?"

Haka kuwa aka yi. Auta ta zauna a gida, ta karɓe shara da wanki da girki, ta koyi sa maɓalli da kalmasa. Kewa tana cin ta, wani lokaci sai ta shiga banɗaki ta buɗe famfo ta yi kukanta ta wanke fuska. Amma ba ta taɓa ɗaure wa Umma fuska ba, ba ta kuma roƙe ta ba. Abu ɗaya kawai ta ɗauka: kullum da hantsi sai ta baje takardun fim ɗin a ƙasa kusa da keke, tana karantawa da ƙarfi, wai gyara take yi.

Umma ta yi kamar kurma. Sai dai Auta ta lura da wani abu. In tana karanta ɓangaren fim, wato sin, na dandali, inda marigayi ke sa jama'a dariya, keke yana tafiya daidai. Da ta shiga sin na cikin gida, sai ƙafar Umma ta ƙara wuta kamar za ta ɓalle feda. Auta ta riƙe wannan a ranta, ta riƙa komawa wuraren da gangan.

Har wata ya shuɗe, wani ya kama. Ran nan ta kai inda Mai Hula Biyu ya dawo daga wasa, ya shigo gida yana rawar agwagwa, matarsa tana dariya har tana faɗuwa daga kujera.

Allura ta karye ƙas!

"Ƙarya ne!" Umma ta buga keken da tafin hannu. "Wa ya gaya miki haka yake shigowa?"

"Ba wanda ya gaya min, Umma. Ba wanda ya taɓa gaya min komai."

Maganar ta sami Umma a inda ba ta zata ba. Ta kalli 'yarta, sannan ta cire gilashi ta ajiye.

"Ubanki in ya shigo gidan nan, ko sallamar kirki ba ya iya ƙarasawa. Ya rabar da dariyarsa a waje, ba ya dawowa da ko ɗigo. Nan yake zama, inda kike, ya jingina da bango. Muƙamuƙinsa ciwo yake saboda murguɗe-murguɗen fuska, sai na dafa ruwa na jiƙa tawul na gasa masa kafin ya iya tauna abinci. In mun fita, ba a barinmu mu yi taku goma. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu, wani ya zo gaisuwa ya ce ya ɗan yi masa tarin nan. Kuma ya yi! Don ba ya iya cewa a'a. Ranar da shi ya tafi, ina cikin ɗaki ina jin masu ta'aziyya suna tuna wasanninsa suna ƙyaƙyatawa a tsakar gida. Har yau duk wanda ya gane ni a kasuwa dariya yake fara yi." Ta share ido da gefen yadin da take ɗinkawa. "Ba muryar ce ta sa na kori yaron nan ba. Muryar ta tuna min ne. Ba na so ki auri ragowar mutum, Auta."

Auta ta matso, ta ɗora kanta a gwiwar mahaifiyarta. Tausayi ya cika ta, da kunyar abin da ta rubuta.

"Umma, kin yi da-na-sani?"

Umma ta shafa kan 'yarta.

"Na sha wuya."

"Ba shi na tambaya ba."

"'Yar nema!" Umma ta dungure mata kai, tana kuka tana murmushi. "Ban yi ba. In ya sha gashi ya dawo hayyacinsa, sai ya ce, to ke kuma ba ni nawa. Ni kaɗai ce nake sa shi dariya a duniyar nan. Da za a sake, shi zan sake aura."

"To ki bar ni in sha tawa wuyar, amma da albarkarki. In babu ita, ko shekara nawa ce zan jira a nan ina karya miki allura."

Umma ta ja dogon numfashi. "Kira min shi."

Jarumi ya zo da yamma, ba lemo ba komai. Sallamar da ya yi sai da aka kasa kunne kafin a ji ta. Ya durƙusa a bakin ƙofa, Yaya Babba na gefe ya harɗe hannu kamar alƙali.

"In an kashe kyamara, kai wane ne?" in ji Umma.

Mutumin da ke haddace shafi goma a zama ɗaya sai ga shi yana in-ina.

"Ni... ni dai... Umma, ba kowa ba ne. Ban iya hira ba. Ina son zaman gida, ina... ina iya gyara fanka. Ki gafarce ni, na taɓa miki ciwon da ban san zurfinsa ba."

"Ka iya cewa a'a?"

Ya ɗago ya saci kallon Auta. "Ina koyo. Na sami malama mai zafi."

Dariya ta kuɓuce wa Yaya Babba, ya yi maza ya mayar da ita tari.

"To ga sharaɗina," in ji Umma. "Jama'a su ci rabonsu a waje, amma ka riƙa rage wa 'yata nata. Fim kuma ban hana ba, sai dai duk sin na cikin gida a yaga, ni zan faɗa a rubuta. In za a nuna mijina, a nuna shi gaba ɗayansa."

Bayan biki da 'yan watanni aka haska fim ɗin a sinima. Zaure ya cika maƙil, dariya kamar rufi zai faɗo. Sai aka zo inda Mai Hula Biyu ya shigo gida, ya cire hulunan, ya zame jikin bango, matarsa ta zo da tawul yana tururi. Ba kiɗa, ba magana. Dariyar ta ɗauke ɗif, har kana jin wata a baya tana jan majina. Umma ta damƙe hannun Auta ba ta saki ba har aka kunna fitila.

A bakin ƙofar fita wani dattijo ya gane ta. Auta ta ji jikin mahaifiyarta ya ƙage, tana jiran dariyar da ta saba. Amma dattijon sai ya rusuna.

"Baiwar Allah, sannu," ya ce. "Mun ci dariyarsa shekara da shekaru, ba mu taɓa tambayar wa ke dafa ruwan ba. Ki yafe mana."

Umma ta juya tana lalube, hannunta ya faɗa kan kafaɗar Jarumi.

"Ɗana, kai ni mota."

Auta ta bi su a baya tana share hawaye, zuciyarta fari tas. Da ta yi fushi ta bar gida, da ta sami miji ta rasa uwa, kuma da har abada ba ta san ubanta ba. Ku 'yan mata, in iyaye suka ce a'a, kada ku yi gaggawar kiransu maƙiya. Sau da yawa wani tsohon ciwo ne ke magana a bakinsu, kuma mai haƙurin zama kusa da su har su faɗe shi ita ce ke tashi da albarka da abin da take so.