Godiyar Safa da Sabulu

"Kwana bakwai, Yaya! Kwana bakwai kacal aka ba shi hutu, kin cinye biyar!"

Malama ce ta faɗi haka daga ƙofar kicin, ludayi a hannunta, idonta jajir saboda hayaƙi da abin da ya fi hayaƙi. Yaya Babba, yayar mijinta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana zaune a tsakar gida da takardar nan da ta laƙaba wa suna firogiram, tana jan layi a kan gidajen da aka riga aka shiga.

"Ni na cinye? Jama'a suka yi masa hidima wata goma sha ɗaya yana bakin daga, shi ne ba zai zaga ya ce na gode ba? Gobe da safe taron ƙofar gida, da yamma ƙungiyar mata. Jibi kuma..."

"Jibi ya tafi!"

"To sai me? Ba matarsa ba ce ke? Guduwa zai yi?"

Malama ta juya wajen surukarta da ke gefe tana jan carbi. "Inna, ke kika ce in yi shiru har ya dawo. Na yi. Ya dawo kika ce a bari ya huta. Ya huta kika ce a bari ya gama zagaye. Yaushe za a faɗa masa?"

Inna ta sunkuyar da kai. "Ki ƙara haƙuri, 'yar nan. Ba ki ga yadda yake murna ba?"

Ta gani mana. Ai shi ne abin da ke cin ranta.

Bayan tafiyar mijinta Saje da 'yan makonni Malama ta gane tana da ciki, na farinsu bayan shekara uku da aure. Inna ta ce kada a faɗa masa sai ya yi ƙwari. Cikin bai kai ga yin ƙwarin ba. Ranar wata Talata da tsakar rana, tana tsaye gaban allo tana koyar da 'yan aji huɗu, jini ya ɓalle mata. Direban tasi na bakin layi ne ya kai ta asibiti. Da likita ya ce sai an yi ƙarin jini ko a rasa ta, mutum huɗu ne suka miƙa hannu: Direban, mai aski, bakaniken kwanar layi, da matar nan mai sayar da gawayi da ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa su ba.

Gidan su Saje kuwa suna da doka tun zamanin da: mummunan labari ba ya tsallakawa bakin daga. Inna ta bi unguwa gida-gida tana roƙo a rufe baki, aka rufe. Duk ranar da ya samu sabis ya kira, sai Malama ta haɗiye kukanta ta ce, "Lafiya lau muke, Saje." Ta faɗa har kalmar ta fara yi mata ɗaci a baki.

Yanzu ga shi ya dawo, amma ita ce ƙarshen masu ganinsa. Da sassafe Yaya za ta tsaya a kansa sai ya sa kaki, wai hoton ya fi kyau. A zaga da shi kamar sabon ango, ya shigo a gajiye ko takalmi ba ya iya kwancewa.

Washegari aka jera benci a ƙofar gida, unguwa ta cika. Malama ta fito da tiren shayi daidai lokacin da Saje ya miƙe. Dogo ne, rana ta ƙona shi, maganarsa kuma da gaske yake yin ta.

"Jama'a, ni ba mai iya magana ba ne. Amma ku sani, kwalayen da kuke aiko mana sun isa. Akwai lokacin da muka yi kwana tara a rami, ruwa har idon sawu, ƙafafunmu sun fara saɓulewa. Ranar aka buɗe kwalinku, sai ga safa busasshiya. Wallahi na ga ƙaton namiji ya rungume safa yana hawaye! Wani abokina ba shi da kowa a duniya, ya ɗauki sabulu ɗaya yana shinshinawa, ya ce ashe akwai wanda ya san muna raye. Wasiƙar 'yan makaranta kuwa mun karanta ta har ta yage, muka liƙe ta da filasta. Ba ku san mu ba, kuka tuna da mu. Na gode, na gode!"

Aka yi tafi. Yaya tana ta ɗaukar bidiyo, bakinta har kunne. Mai aski da bakanike dai ƙasa suke kallo.

Saje ya nufi Direba ya dafa kafaɗarsa yana dariya. "Kai kuma aka ce kai ka aiko da safar nan mai ruwan hoda! Ni ta faɗa wa, sati guda ana yi min tsiya. Amma na yafe, tunda ba abin da ya fi ta ɗumi." Ya waiwayo ya hango matarsa. "Ga Malama ma, kun riƙe min ita lafiya lau, ko ciwon kai ba ta yi ba. Sai dai ta rame, kewata ce ta hana ta cin abinci!"

Wasu suka yi dariyar yaƙe. Tiren ya suɓuce daga hannun Malama, kofuna suka tarwatse.

"Ko ciwon kai?"

"Ke! Shiga ciki!" Yaya ta daka mata tsawa.

"Ba zan shiga ba! Wata bakwai ina shiga ciki!" Ta taka fasassun kofunan ta tsaya a gaban mijinta. "Saje, kana yi wa mutanen nan godiyar safa da sabulu? Jininsu ne a jikina! Direban da kake wa tsiya, shi ya ɗauke ni kamar gawa, kujerar motarsa har yau ba ta wanku ba. Leda huɗu aka ƙara min. Shi, da mai aski, da bakanike, da baiwar Allah can mai gawayi. Ɗanka na ɗauka wata huɗu, na rasa shi, ban samu wanda zan yi kuka a kafaɗarsa ba, don an ce kada a tayar maka da hankali!"

Saje ya kalli Direba, Direba ya kau da kai. Ya kalli mai aski.

"Gaskiya ne, Oga," in ji mai aski a hankali. "Roƙonmu aka yi. Shekaranjiya ina yi maka aski hannuna na rawa, kai ka ɗauka tsufa ne."

Saje ya kama hannun matarsa ya ja ta cikin gida, Inna da Yaya suka biyo su. Sai da ya rufe ƙofa sannan ya juyo, kuma Malama ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Yaya, kashe wayar nan."

"Ai don kai aka..."

"Na ce ki kashe! Kwana shida kina yawo da ni kamar ɗan tsana, kina tsayar da ni gaban mutanen da suka ceci ran matata ina ce musu na gode da sabulu! Kin san girman kunyar da kika ba ni? Su suna kallona suna jin tausayina, ni ina washe baki!"

"To ita da ta tona a gaban jama'a fa? Rashin kunya ne!"

"Jama'ar ai sun sani! Ni kaɗai ne wawan da bai sani ba!"

Ya durƙusa gaban mahaifiyarsa. Ya sassauta murya, amma fushin na nan. "Inna, me ya sa?"

Inna ta fashe da kuka. "Kawunka nake tunawa, shi ma soja ne a bakin daga. Aka aika masa 'yarsa ta rasu, kwana biyu tsakani aka kawo mana kayansa. Hankalinsa na gida, harsashi ya same shi. Na rantse ba zan sake aika irin wannan saƙon ba. Tsoro nake ji, ɗan nan."

"Na ji wannan, Inna, Allah Ya ji ƙansa. Amma yau kwanana shida a gidan nan, ba harsashi a tsakar gida. Kin tsare ni, kin bar ta ita kaɗai ta ɗauki kayan mutum biyu. 'Yar mutane ce fa. Da ta mutu me za ki ce min? Lafiya lau?"

Inna ta miƙa hannu ta kamo zanen Malama. "Yafe min, 'yar nan. Na cuce ki ina ganin gata nake yi."

Malama ta so ta yi shiru ta bar ta da nauyin, don ranta bai gama huce ba. Amma tsohuwar ce ta kwana uku a kan tabarmar asibiti tana yi mata fifita. "Na yafe, Inna," ta ce, hawaye na zuba.

Yaya kuwa ta ninke firogiram ɗinta ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa ba sai la'asar. Da ta fito, kicin ta wuce ta karɓi ludayin ba tare da ta ce komai ba. Ita neman gafararta ke nan.

Da suka keɓe a ɗakinsu, Saje ya zauna a ƙasa ya jingina da gado.

"Ni ma da laifina. Na gan ki a rame na mai da shi wasa. Na gode wa duniya kaf, ban zauna minti goma na tambaye ki ya kika yi ba. Sori, Malama."

"Sori ba ta isa ba, Saje."

"Na sani."

"Kullum kana kira ina cewa lafiya lau, ina jira ka ce muryata ta canja. Ba ka taɓa cewa ba!"

"Na ji ta canja," ya ce yana share ido da bayan hannu. "Tsoron tambaya na yi."

Sai a lokacin ta zauna kusa da shi, suka yi kukan da ya kamata su yi tare tun wata bakwai da suka wuce.

Bayan la'asar ya kira ogansa, ya sa wayar a sifika gaban kowa, ya yi bayani. Ogan ya hau shi da faɗa.

"Kai wane irin mutum ne? Matarka ta kusa mutuwa ba wanda ya sanar? Akwai hutu na musamman don irin wannan! Da an kira ofis a ranar, da kafin sati ya zagayo kana gefen gadonta. Ka ƙara kwana goma, zan sa hannu a takardar."

Inna ta dafe ƙirji. Shirun da ta yi ta gadi ashe shi ya hana ɗanta zuwa. Malama ta rufe fuska da mayafi, ba ta san ko kuka take ba ko hamdala.

Washegari Saje ya rataye kakinsa a ƙusa, ya sa riga irin ta kowa, suka fita shi da matarsa, ba kamara ba rakiya. Suka fara da Direba, suka bi ta shagon aski da garejin bakanike. Mai gawayi ce ta ƙarshe. Da ta ga soja guda ya durƙusa a gabanta cikin ƙurar gawayi, sai ta rikice.

"Tashi, don Allah! Ku kuna can kuna zubar da naku saboda mu, ni leda ɗaya ce fa."

"Ba zan tashi ba sai kin ji," in ji Saje. "Jiya na gode da abin da ya ɗumama min ƙafa. Yau na zo godiyar wadda na dawo na tarar da rai."

Malama ta yi haƙurin da ya kusa cinye ta, Allah kuma bai bar ta haka ba: ta samu mijinta kwana goma cur, da gidan da ya daina yi mata dokar shiru. Masu ɓoye wa mutum ciwon iyalinsa da sunan ƙauna su ji: ba sauƙe masa nauyi kuke yi ba, ɗora wa wani kuke yi. Mai godiya kuma ya fara tambayar na cikin ɗakinsa yadda ya kwana, kafin ya fita gaida gari.