Ranar da Tarwaɗun Ibohamane Suka Mutu

Da hantsi mata masu ɗibar ruwa suka tsinci gawar Barmo a bakin tafkin da ke gabas da Ibohamane, fuskarsa cikin taɓo. Kewaye da shi tarwaɗu ne birjik, sun juya cikinsu sama, wasu sun kai tsawon hannun ƙato. Ko kwaɗo ba ya kuka.

Ajidan Mahfuzu na jandarmomin Keita ya tarar da mutane cirko-cirko daga nesa, ba mai son matsawa. Barmo ne mai tsaron tafkin, gadon kakanninsa. Idan bazara ta kama, yakan hana jefa koma, ya hana tada injin ban-ruwa, har sai ruwa ya sauka.

Tabawa, yayar mamacin, tana zaune ta zuba wa ruwan ido.

"Inna, mi kika sani?"

"Ɗana, ruwa ya janye, kihi ya mutu. Iskoki masu tabki sunka kira mai tsaronsu. Ka bar shi."

Mahfuzu ɗan masunta ne daga Gaya. Ya san tarwaɗa ba ta mutuwa don ruwa ya ragu. Takan leƙo ta shaƙi iska, takan kwanta cikin laka ta jira damina, har jan ciki take yi a tudu ta nemi wani ruwa. Ya ɗebi ruwan ya sansana: warin maganin ƙwari. Ya ɗaga kan Barmo, ya ga ƙeyar a fashe. Kusa da gawar akwai shaidar tafin hannu da ya nutse a taɓo, da wata babbar tarwaɗa wadda ƙayar gefenta ta karye.

Ya fara da Ilyasu mai bandar kifi, wanda aka ji suna cacar baki da Barmo.

"Mun yi hwaɗa, Ajidan, ban musu ba. Amma wa za ya sayi kihi mai guba? Kuma kwana biyu ina Madawa."

Direban da ya dawo da shi ya tabbatar.

Saura masu lambun albasa su biyar, kowa da kwalbar maganinsa. Mahfuzu ya jera su a inuwar gawo, ya ce su buɗe hannu. Huɗu suka buɗe. Na biyar, Halidu, ɗan ƙanen Barmo, ya naɗe damansa da tsumma, ya kumbura har wuyan hannu.

"Mi ya same ka?"

"Lauje na. Mu gidanmu ba a cin tarwaɗa, ba a taɓa ta. Kowa ya sani."

"To mu tahi likita."

Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya tsaga tafin, ya sa hantsaki, ya zaro ɗan ƙashi mai haƙora kamar zarto. Mahfuzu ya fito da tarwaɗar nan ta kusa da gawar daga buhu, ya haɗa guntun da karyayyar ƙayar. Suka zauna daram.

"Ka zuba guba don in kifi ya ƙare, ba sauran dalilin hana ka ruwa," in ji Mahfuzu. "Baffanka ya riske ka, ka buge shi ta baya. Santsi ya kwashe ka, ka dafa kan wadda ba ta gama mutuwa ba. Ƙayarta in ta shiga, ba ta fita da ja."

Sai Halidu ya ce:

"Albasata na ƙonewa, Ajidan. Amma bai ko yi mani hwaɗa ba. Durƙusawa yay yi yana tsamo su ɗaya-ɗaya, yana aza su tudu ko za su rayu. Sai yac ce, 'Halidu, taya ni.' Sunana da ya kira, na san gari duk za ya ji. Ga ice a hannuna, sai na kai mai bugu. Har yanzu ina jin shi yana cewa in taya shi."

Da la'asar aka kai Barmo makwancinsa. Tarwaɗun kuwa, da su ne cefanen garin a tsakiyar damina lokacin da rumbuna kan yi ƙasa, aka haƙa rami aka binne su, don kada wani ya ci.

Mahfuzu ya je ya gaya wa Tabawa abin da ya gano. Ta ji shi har ƙarshe.

"Da ka bar mani masu tabki," ta ce. "Su dai ina iya yahe masu. Halidu kuwa ni na goya shi."