Mariƙin Kofin Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji shida, ana ce mata Auta a gidansu. Tana da kaifin basira, amma ba ta da haƙurin karanta bayani. Da ta ga maɓalli, sai ta danna.

Yayarta tana aikin zana kaya a kwamfuta. Ba irin zanen takarda ba ne. Zane ne da ake juyawa a ga gabansa da bayansa. Idan ta gama, sai ta kai wani shago, inda inji ke mayar da zanen ya zama abu na roba.

Kakansu kuwa hannunsa yana rawa. Kullum idan zai sha shayi, sai Mama ta riƙe masa kofi.

"Kun ga jariri mai furfura," in ji shi, yana dariya. Amma kowa ya san abin yana damunsa.

Shi ya sa Yaya ta yi kwana biyar tana zana masa mariƙin kofi. Ta auna yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wa kowane yatsa gurbinsa a jikin mariƙin.

Ranar Laraba, malamin kwamfuta ya buɗe wa ajin su Auta zanen kifi.

"Ku duba da kyau," in ji Malam. "Jikin kifin nan raga ce ta ƙananan layuka. Wanda ya ja ragar, ya canza siffar kifin."

Ya ce akwai wata ƙaramar manhaja da ake ƙara wa manhajar zane don gyaran raga. 'Yan aji suka sa mata suna 'yar ƙari. Malam ya sauke fayil ɗinta. Ya shiga wurin saiti, ya zaɓi fayil ɗin, ya sa alama a wani ɗan akwati. Nan take sababbin maɓallai suka fito a gefen allo. Ya danna ɗaya, sai jikin kifin ya yi sumul.

"Amma kafin ku taɓa ta, akwai abu biyu," in ji Malam.

Auta ba ta ji sauran ba. Hankalinta ya riga ya tafi gida.

Da ta dawo, ta tarar Yaya ta fita. Kwamfutarta tana kan tebur a buɗe, ga mariƙin kofin a allo. Auta ta leƙa. Ta ga gefensa yana da ɗan kaushi.

"Bari in gyara mata, ta sha mamaki," ta ce a ranta.

Ta sauke 'yar ƙari kamar yadda Malam ya yi. Wani dogon bayani ya fito, ta rufe shi. Ta ga wurin sa lamba, daga ɗaya zuwa ɗari.

"In goma tana da kyau, ai ɗari ta fi," in ji Auta. Ta sa ɗari, ta danna.

Mariƙin ya yi sumul kamar sabulu. Guraben yatsun Kaka duk sun shafe.

Sai ga motsin ƙofa. Ta yi maza za ta rufe manhajar. Wani akwati ya fito da tambaya, ta danna "E" ba ta karanta ba. Ashe tambayar ita ce ko a adana canjin.

Yaya ta shigo da sauri. Tunda ta san ta gama aikinta, ba ta sake buɗe shi ba. Ta kwafi fayil ɗin a filashi, ta kai shago. Auta ta yi shiru abinta.

Washegari da yamma, Baba ya biya shagon ya karɓo mariƙin a naɗe cikin takarda. Kaka bai jira Yaya ta fito daga ɗaki ba. Ya sa aka maƙala shi a kofi, aka zuba shayi.

"Yau kowa ya matsa, da kaina zan sha," in ji shi.

Ya ɗaga kofin. Mariƙin ya sulluɓe daga yatsunsa. Shayin ya zube a rigarsa. An yi sa'a ya riga ya huce.

"To, rigata ta riga ni sha," in ji Kaka. Ya yi murmushi, amma ya ɓoye hannunsa a aljihu.

Yaya ta fito ta ɗauki mariƙin, ta jujjuya shi.

"Wannan ba aikina ba ne. Mai shagon nan ya ɓata min zane. Bari in kira shi ya ji ta bakina."

Ta ɗauko waya. Auta ta ji kamar ta nutse a ƙasa. Ga Kaka da jiƙaƙƙiyar riga, ga mai shago zai sha faɗa a banza.

"Yaya, kar ki kira shi. Ni ce."

Ta faɗi duk abin da ya faru, tana hawaye. Yaya ta ajiye wayar.

"Ɓata zanen bai fi min ciwo ba, Auta. Shirun da kika yi ne. Da kin faɗa min jiya, da ban kai shi shago ba."

"Ki yi haƙuri, Yaya. Kaka, ka yafe min."

"Na yafe," in ji Kaka. "Amma ke za ki wanke rigar."

Baba ya ce babu wasa bayan makaranta, sai an sake mariƙin. Kuma Auta ce za ta zauna kusa da Yaya har a gama.

Da safe ta je wurin Malam.

"Malam, don Allah mene ne abu biyun nan da ka faɗa?"

"Ina kike lokacin da na faɗa?"

"Jikina yana aji, Malam."

Malam ya yi dariya. "Na ɗaya, ki ajiye kwafin zane kafin ki taɓa shi. Na biyu, ki zaɓi wurin da kike son gyarawa kaɗai, ki fara da ƙaramar lamba."

Auta ta rubuta a littafinta.

Kwana huɗu suka yi suna aikin. Auta tana karanto awon yatsun Kaka, Yaya tana jan layukan ragar. Da suka zo kan gefen mai kaushi, Yaya ta matsa mata kujera.

"Nuna min 'yar ƙarin taki."

Auta ta karanta bayanin daga farko har ƙarshe. Ta ajiye kwafi. Ta zaɓi layukan gefe kaɗai, ta sa lamba biyar. Gefen ya yi laushi, guraben yatsu kuma suna nan.

"Ashe abin yana da amfani," in ji Yaya. "Gobe ki koya min sauran maɓallan."

Ranar da sabon mariƙin ya iso, kowa ya taru a falo. Kaka ya sa yatsunsa, kowanne ya shiga gurbinsa. Hannun ya yi rawa, amma kofin bai kuɓuce ba. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, har ya shanye tas.

"Sukari ya yi kaɗan," in ji shi. "A ƙaro wani, in sake gwadawa."

Duk suka kwashe da dariya. Mama ta juya wurin Auta.

"Me kika koya?"

"Kar in taɓa aikin wani sai na tambaya. In karanta bayani kafin in danna. In kuma na yi kuskure, in faɗa da wuri."

"Madalla," in ji Mama. "To, tashi ki ƙaro wa Kakanki shayi."