Sakatar Warin

A jajibirin ranar tunawa da matattu, da la'asar sakaliya, Sibil ta ɗauki kwandon abincin yayanta ta nufi babbar majami'a. Burodin sha'ir ne da ɗan cuku da miyar wake. Shekara bakwai ke nan tana wannan zirga-zirga. Takan ajiye kwandon a gindin hasumiya, ta kira Yaya Hamo, ta juya. Ba ta taɓa hawa ba, don a cikin hasumiyar nan mijinta Warin ya mutu.

Warin da Hamo su suka ƙera agogon garinmu, maƙera biyu, surukai kuma aminai. Agogon lokacin ba shi da fuska. Tarin ƙarfe ne mai haƙora, da gangar katako da igiya ke naɗewa, da wani ƙaton dutse da ke rataye cikin rami yana sauka a hankali. Nauyinsa ke juya komai, har guduma ta bugi ƙararrawa. Dokar aikin ɗaya ce. Duk wanda zai shiga ramin sai ya zura sakatarsa a jikin gangar don kada dutsen ya motsa, kuma wanda ya sa ta, shi ke zare ta.

Ranar da za a nuna wa bishop, shugaban limaman majami'a, agogon aka tsinci Warin a ƙarƙashin dutsen. Hamo ya dafa littafi mai tsarki ya rantse cewa Warin bai sa sakata ba, da gangan ya sako wa kansa dutsen, don tun da annoba ta ɗauke 'yarsa yake cewa ya gaji da duniya. Aka nemi sakatar aka rasa. Wanda ya kashe kansa kuwa ba a binne shi a farfajiyar majami'a, ba a buga masa ƙararrawa, ba a kiran sunansa a addu'a. A mararrabar hanya aka turbuɗe shi. Gobe za a karanta sunayen matattun gari kaf, ban da nasa.

Ta isa gindin hasumiya ta ɗaga murya. “Yaya! Ga abincinka, kafin ya huce ka ce na rage maka wake.”

Shiru.

Sai a lokacin ta lura da abin da ya dame ta tun a hanya. Agogon bai buga ba tun azahar. Ko ƙwas-ƙwas ɗin da ake ji daga ƙasa babu.

Yayyafi ya fara. Ta yi tunanin ko Hamo ya faɗi ne, ga shi ya fara manyanta. Ta tattare bakin rigarta ta kama matakala.

Matakalar dutse ce mai zagaye, matsattsiya. Tana warin kashin tantabaru, da na man kitse da ake shafa wa ƙarfe. Tana ƙara hawa wani wari daban ya tarye ta. Na taɓon kogi ne. Ruwa na ɗiga daga sama, tsul, tsul, yana bin matakalar, alhali rufin hasumiyar bai taɓa yoyo ba.

Ta tura ƙofar ɗakin agogo. Hamo na zaune a ƙasa ya jingina da bango, kyandir ɗaya na ci a gefensa. Bai dube ta ba. Gangar yake kallo.

“Wa ya ce ki hawo?” ya ce a hankali.

“Na yi ta kira. Me ya sami agogon?”

“Koma gida, ƙanwata.”

Ta bi idonsa. Akwai sakata a jikin gangar. Ta yi tsatsa, ciyawar ruwa ta nannaɗe ta, tana ɗiga. A gindinta ga tambarin ƙafar tsuntsu. Sibil ta san tambarin nan kamar tafin hannunta. Yana jikin wuƙarta, yana jikin murhunta.

Kwandon ya suɓuce mata.

“Ta Warin ce.”

“Ba ni na sa ba,” Hamo ya ce. “Da azahar na hawo na same ta. Ba zai yiwu ba, Sibil. Da hannuna na jefa ta kogi, daga kan gada. Na ji faɗawarta.”

Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa.

“Ka jefa ta,” ta maimaita. “Ashe ya sa ta.”

“Bishop na ƙofa, ana ta yi mini ihu a ta da agogo. Na ɗauka ya fito. Ban leƙa ba, ban kira ba. Na zare.”

“Ka rantse ka ce shi ya kashe kansa.”

“Da rataye ni za su yi! Wa zai ci da ke?”

“Shekara bakwai, Yaya.” Muryarta ta koma raɗa. “Ina dafa maka, ina wanke maka riga. Ina kuka a gabanka ina tambaya me na yi masa da ya zaɓi wuta ya bar ni. Kana shafa kaina kana cewa in yi haƙuri.”

Ta juya za ta fita. Ya riga ta kaiwa ƙofa. Ya damƙe wuyan hannunta, damƙar maƙeri.

“Ina za ki?”

“Wurin limaminmu, Fada Ranulf.”

“Ɗakinmu ɗaya, Sibil. Nono ɗaya muka sha. Matacce ba ya jin ƙararrawa.”

Tana ja da baya, yana matsowa. Diddigenta ya taɓa bakin ramin. Wani sanyi ya taso daga ƙasa ya shige mata cikin riga.

Ƙwas.

Ƙwas.

Ƙarafan suka fara juyawa. Sakatar na nan daram. Gangar ba ta motsa ba, dutsen bai sauka ba, amma haƙoran ƙarfe na cizon juna ɗaya bayan ɗaya.

Guduma ta ɗaga.

Ƙararrawar ta buga a saman kansu, har ƙura ta zubo. Ɗaya. Biyu. Uku. Ta dakata.

A garinmu ko yaro ya san wannan bugun. Uku-uku ake yi wa mamaci. Sau biyu, mace ce. Sau uku, namiji.

Huɗu. Biyar. Shida.

Shiru.

Shida. Na mace. Sibil ta dubi hannun da ke riƙe da ita, ta dubi idon yayanta, ta ga shi ma ya ƙidaya. Ta ji yatsunsa sun fara turawa.

Kyandir ya mutu.

Daga can ƙasan ramin wata murya ta taso, a dishe, kamar ta mai magana da nauyi a ƙirji.

“Hamo.”

Muryar ta sake tasowa.

“Hamo, ban fito ba.”

Bakwai.

Hannun ya sake ta. Ta ji ya yi kan gangar yana ihu, yana kokawa da sakatar. Ta laluba ƙofa ta faɗa matakala, tana zamewa a kan ruwa, gwiwa da gwiwar hannu suna bugun dutse.

Takwas.

Wani abu mai sanyi ya wuce ta a matsatsin. Sama ya nufa.

Tara.

Sai ƙugin ganga da ta kuɓuce, da shuuu na igiya, da ƙara guda wadda ta girgiza hasumiyar har tushe.

Mutanen da suka fito jin wa ya mutu suka same ta kwance cikin ruwan sama. Hamo kuwa igiya ce ta sarƙe masa ƙafa ta fizge shi cikin ramin, sakatar na hannunsa. Bai cika ba sai da asuba, bayan ya faɗa wa Fada Ranulf komai a gaban shaidu uku.

A ranar aka karanta sunan Warin tare da na sauran matattu. Kafin mako ya zagayo aka tono shi daga mararraba aka kwantar da shi kusa da 'yarsa. Tun daga nan duk mai kula da agogon garinmu, ko ya san shi kaɗai ne a hasumiya, sai ya durƙusa a bakin ramin ya tambaya ko akwai wani a ƙasa, ya saurara, kafin ya taɓa sakata.

Ranar jana'izar Hamo, mai buga ƙararrawa ya zo wurin Sibil yana murza hularsa. Ya ce gari ya rabu biyu, wasu na cewa bugun taran nan na Warin ne, wasu na cewa na Hamo. Ko a sake bugawa?

Ba ta ɗago daga kwaɓin burodinta ba.

“Na mijina ne,” ta ce. “Yaya ya jira nasa. Shekara bakwai ba ta da yawa. Shi Yaya da kansa ya koya mini haƙuri.”